Wa Zai Yarda da Richard Hannay? Littafin Buchan da Fim ɗin Hitchcock

A cikin littafin, matakala ce ta gaske. Ta gangara daga wani gida da ke bisa tudu har zuwa bakin teku a gundumar Kent ta Ingila, kuma sai da aka aiki ɗan sanda ya je ya ƙirga ta, ya dawo ya ce taki 39 ne cif. A cikin fim ɗin kuwa babu matakalar ko alama. Sunan ya koma na wata ƙungiyar 'yan leƙen asiri mai tattara bayanai domin wata ƙasar waje, wadda ba a ma bari mai magana ya kai ga faɗin sunanta ba. Duk wanda ya karanta The Thirty-Nine Steps na John Buchan, sannan ya kalli fim ɗin da Alfred Hitchcock ya yi da shi, wannan ne bambancin da zai fara kawowa. Ni ma da shi na fara. Sai da na sake bin su biyun a tsanake na ga cewa matakalar ƙaramin abu ce idan aka gwada ta da wani canjin da ke kwance a ƙarƙashin labarin gaba ɗaya, wato batun wanene ke yarda da mutumin da aka shafa wa kashin kaji, kuma wanene ke miƙa shi.

Buchan ya rubuta littafin ne a 1914, yana jinyar gyambon ciki a garin Broadstairs da ke bakin teku, daidai lokacin da yaƙin duniya na farko ke kunno kai. Ya fito kashi-kashi a mujallar Blackwood's a 1915, kafin a buga shi a matsayin littafi a watan Oktoban shekarar. Ɗan siriri ne, babi 10 kacal, mai karatu zai iya gama shi tsakanin la'asar da dare. Shekara 20 bayan haka, a 1935, kamfanin Gaumont-British ya fitar da fim ɗin, baƙi da fari, mai tsawon minti 86. Charles Bennett ne ya tsara labarin, Ian Hay ya gyara zantukan, Robert Donat da Madeleine Carroll suka fito a matsayin jarumai. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi a matsayi na 4 cikin fina-finan ƙasar mafi inganci na ƙarni na 20.

Richard Hannay, jarumin labarin, a littafi mutum ne ɗan shekara 37, haifaffen Sikotland, wanda mahaifinsa ya tafi da shi kudancin Afirka yana ɗan shekara 6. Injiniyan haƙar ma'adinai ne, ya tara abin da ya tara a Bulawayo da ke Zimbabwe ta yau, ya dawo Landan yana zaton daɗi, sai ya tarar zaman banza na neman kashe shi. A watan Mayun 1914 wani maƙwabcinsa Ba'amurke, Franklin Scudder, ya tare shi a bakin ƙofarsa a firgice. Ya ce akwai masu shirin kashe firaministan Girka, Constantine Karolides, ranar 15 ga Yuni a Landan, don su cinna wa Turai wuta. Hannay ya ɓoye shi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gida da dare ya tarar an soke baƙon da doguwar wuƙa a ƙahon zuci, ta haɗa shi da daɓen ɗaki. Gaba kura baya siyaki: 'yan sanda za su ce shi ya yi kisan, masu kisan kuma sun san an faɗa masa wani abu. Da asuba ya ci karo da ɗan littafin sirrin Scudder a cikin tulun tabarsa, ya ari hular mai kawo madara da rigarsa, ya kama jirgin ƙasa daga tashar St Pancras zuwa dazukan Galloway a kudu maso yammacin Sikotland.

Daga nan littafin ya zama jerin haɗuwa da mutane, kusan kowane babi da nasa mutum. Abin lura shi ne kusan duk wanda Hannay ya haɗu da shi namiji ne, kuma kusan duk wanda ya buɗe wa cikinsa ya yarda da shi. Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne haɗuwarsa da Sir Harry, wani matashin mai dukiya da ke takarar majalisa. Hannay ya kauce wa motar Sir Harry, tasa ta faɗa rafi. Saurayin ya kai shi gida, ya ba shi sutura, ya ja shi wurin taron siyasa ya yi jawabi a madadin baƙon da bai zo ba. Da suka dawo, suna zaune gaban murhu, Hannay ya fayyace masa komai, har da cewa shi ne ake nema kan kisan Portland Place, wato unguwar da gidansa yake a Landan. Sir Harry ya ƙura masa ido, ya tambaye shi sana'arsa a Afirka, ya tambaye shi ko yana da ƙarfin zuciya. Hannay ya zaro wuƙar farauta daga bango, ya cilla ta sama, ya cafe ta da leɓɓansa, dabarar da ya ce ta Mashona ce, wata al'umma ta ƙasar da ya baro a Afirka. Shi ke nan. Sir Harry ya ce ba ya buƙatar wata hujja, ya san mutum in ya gan shi. Nan take ya rubuta wa ubangidansa na baftisma, Sir Walter Bullivant, babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje, cewa ga wani nan tafe, a karɓe shi.

Kuma an karɓe shi. Bayan ya sha wuya a daji, jirgin sama na shawagi a kansa, ya yi shigar mai gyaran hanya ya yini yana fasa dutse, ya faɗa gidan wani dattijo mai sanƙo da ke iya sauke fatar idonsa kamar shaho, ya fasa ɗakin da aka kulle shi da nakiya, ya kwanta a saman ɗakin tattabaru, zazzaɓin cizon sauro da ya kwaso daga Afirka ya kayar da shi kwana da kwanaki a bukkar mai gyaran hanyar, sai ga shi a Berkshire a bakin rafi, gaban wani dattijo mai kamun kifi. Sir Walter ne. Aka ba shi ruwan wanka, aka ba shi tufafi masu tsabta da abinci mai kyau, aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, 'yan sanda sun daina nemansa. Washegari aka kai shi Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, aka wanke shi. Saura babi 3 littafin ya ƙare, amma wanda ake farauta ya riga ya zama mafarauci. A ƙarshe ma manyan gwamnati da wani janar na Faransa suka damƙa masa jagorancin kamen baki ɗaya, shi da ba shi da muƙami ko na masinja.

Hitchcock ya ɗauki wannan tsani na amana, wanda ke hawa daga saurayi mai dukiya zuwa ubangidansa zuwa kan hukuma, ya karya shi taki-taki.

Hannay na fim ɗan Kanada ne da ya zo Landan na ɗan lokaci, ba mu san sana'arsa ba, ba shi da kowa. Mun fara ganinsa a gidan wasa, inda wani mai baiwar hadda da ake kira Mr Memory ke amsa tambayoyin 'yan kallo. Aka yi harbi, jama'a suka watse, wata mace mai lafazin baƙi ta riƙe shi ta ce ya tafi da ita gidansa. Ita ce ta maye gurbin Scudder. Ta ce sunanta Annabella Smith, ta ce ita 'yar leƙen asiri ce da ke aiki don kuɗi, kuma shugaban waɗanda take bi ba shi da gaɓar sama ta ƙaramin yatsansa. Hannay bai yarda ba, ya soya mata kifi yana yi mata kallon mai tatsuniya. Tun daga nan fim ɗin ya kafa dokarsa, domin jarumin kansa ne ya fara ƙin gaskata mai gaskiya. Cikin dare ta faɗo kansa da wuƙa a bayanta, hannunta riƙe da taswirar Sikotland.

A duba yadda aka juya lamarin mai madara. A littafi Hannay ya ba shi fam ɗaya na zinariya, ya ce caca ce ya yi da wani, mutumin ya miƙa hula ba gardama. A fim Hannay ya gaya masa gaskiya tsagwaronta: ga gawa a sama, ga masu kisa a bakin titi. Mai madara ya yi dariya. Sai da Hannay ya canja zance ya ce wurin matar aure ya kwana, waɗancan biyun mijinta ne da ɗan'uwanta, sannan mutumin ya tuɓe rigarsa da murna ya ba shi. Minti ɗaya ne ko biyu, mutane suna dariya a wurin, amma abin da aka nuna mai ɗaci ne. A duniyar wannan fim gaskiya ba ta da kasuwa, ƙarya mai ƙamshin abin kunya ita ake saye.

Haka abin ya ci gaba. A cikin jirgin ƙasa, 'yan sanda na bin tarago-tarago, Hannay ya faɗa ɗakin wata budurwa, Pamela, ya sumbace ta don a zaci masoya ne, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta dubi 'yan sandan ta ce ga mutumin da kuke nema. Ya tsira ne ta hanyar ficewa ya laɓe a jikin ƙarafan gadar Forth, wurin da littafin bai taɓa zuwa ba. Ina ganin ta yi daidai, kuma fim ɗin ma bai ɗora mata laifi ba. Baƙon namiji ya afko mata ya taɓa ta ba izini, jarida ta ce ya kashe mace, da wane dalili za ta yarda da shi? Sir Harry ya iya yarda cikin sauƙi saboda ba abin da zai rasa. Ita kuwa tana da abin tsoro.

Sai gidan manomi. Nan ne nake dakatawa duk lokacin da na kalli fim ɗin, kuma babu ko inuwarsa a littafin. Hannay ya iso wata bukka a tsakiyar duwatsu da yamma, ya nemi wurin kwana. Maigidan, wanda John Laurie ya fito a matsayinsa, dattijo ne mai tsananin addini da tsananin son kuɗi, bai amsa ba sai da aka yi ciniki. Da Hannay ya ga yarinyar da ke bakin ƙofa ya tambaya ko 'yarsa ce. Ya ce matata ce. Margaret ke nan, wadda Peggy Ashcroft ta fito a matsayinta, 'yar birnin Glasgow da aure ya kawo ƙungurmin ƙauye. Da mijin ya fita, ta fara tambayar baƙon labarin birni. Tana ba shi labarin titunan garinsu a daren Asabar, shaguna da fitilu da cunkoson jama'a, tana tambaya wai da gaske ne matan Landan suna shafa wa faratan ƙafarsu launi. Kana jin muryarta ka san ta daɗe ba ta sami wanda za ta yi wa irin wannan hira ba.

Aka zauna cin abinci, maigida ya fara doguwar addu'a. Ga jarida a kan tebur ɗauke da labarin kisan. Hannay ya saci kallon jaridar. Margaret ta bi idonsa, ta karanta, ta ɗago ta dube shi a tsorace. Ya dube ta yana roƙo da ido. Maigidan, bakinsa na addu'a, idonsa a buɗe, ya ga kallon da ke tsakaninsu, ya fassara shi da abin da zuciyarsa ta saba zargi. Ba wanda ya furta kalma a kan lamarin, amma mutum uku sun yi magana, kowa ya ji abin da ya ji. Ya ce zai je ya kulle rumbu, ya zagaya ya leƙo ta taga, mu ma muka koma kallon su ta idonsa, muna ganin bakinsu na motsi ba ma jin komai. Kafin gari ya waye fitilun motar 'yan sanda suka hasko tudu. Margaret ta tashi baƙon. Mijin ya karɓi fam 5 don ya yi shiru, sannan ya nufi ƙofa ya ji ko akwai lada ga wanda ya miƙa shi. Ita ta san halin mijinta. Ta ɗauko baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci ta sa wa Hannay, don tasa mai haske ce za a hango shi, ta fitar da shi ta baya. Ya tambaye ta ko mijin zai cuce ta. Ta ce addu'a kawai zai yi a kanta, ba zai wuce haka ba.

Littafin waƙoƙin coci da ke aljihun kwat ɗin nan shi ya tare harsashin da aka harbi Hannay da shi can gaba a fim ɗin. Hitchcock bai bar mu mu yi murna kawai ba. Ya mayar da mu bukkar, maigida na neman kwat ɗinsa, Margaret ta ce ta ba baƙon. Kyamara ta tsaya a kan ƙugiyar da babu komai a jikinta, muka ji saukar duka da ƙararta. Ba mu sake ganin ta ba har fim ya ƙare. Jarumin bai dawo ya cece ta ba, bai ma san abin da ya same ta ba. Wannan matar ita ce mutum na farko da ya gaskata shi, ba tare da hujja ba kamar Sir Harry, amma ita da jikinta ta biya. A wurina wannan bambanci ya fi dukkan matakalu nauyi.

Shi ma maƙiyin an canja masa zama. Dattijo mai idon shaho na littafi baƙo ne, ɗan ƙungiyar Black Stone ta Jamusawa, kura ce da fatar akuya. Buchan ya ƙware wajen nuna wannan. A babin ƙarshe Hannay ya bi alamar da ke littafin Scudder, matakala 39 da cikar teku da ƙarfe 10:17 na dare, har zuwa wani gida a garin da ya kira Bradgate. Ya tarar da mutum uku, biyu daga cikinsu suna buga tanis, suna zancen kasuwa da wasanni kamar kowane Bature mai rufin asiri. Ya shiga ya ce ya zo kama su, suka yi mamaki, suka gayyace shi suka zauna karta. Kunya ta kama shi, ya fara zargin kansa. Abin da ya riƙe shi shi ne shawarar tsohon abokinsa mafarauci, Peter Pienaar, cewa gwanin ɓad-da-kama ba kaya yake canjawa ba, shiga yake cikin yanayin wurin har ya zama ɗan gida. Sai da dattijon ya jingina ya fara ƙwanƙwasa gwiwarsa da yatsu, kamar yadda ya yi a gidan daji, sannan Hannay ya gane shi. Babi ne mai kyau ƙwarai, kuma ina jin takaicin rashinsa a fim. Amma abin da yake faɗa a fili yake: mugu na iya kwaikwayon mutumin kirki na Ingila, sai dai kwaikwayo ne, na ainihin suna nan kuma amintattu ne.

Farfesa Jordan na fim, wanda Godfrey Tearle ya fito a matsayinsa, ba baƙo ba ne a garinsa. Babban mutum ne mai gida da mata da 'ya'ya, ana bikin ranar haihuwar 'yarsa lokacin da Hannay ya iso, alƙalin yankin na cikin baƙi. Mai aikin gidan ce ta sallami 'yan sanda daga bakin ƙofa. Hannay ya zauna ya saki jiki, yana zaton ya iso wurin Sir Walter ɗinsa, ya ce an gargaɗe shi da mutumin da ba shi da gaɓar yatsa. Jordan ya ɗaga hannunsa ya nuna masa. Yana riƙe da bindiga matarsa ta leƙo ta ce abinci ya sauka, ta tambaya ko baƙon zai tsaya ci, ko gezau ba ta yi ba. Da Jordan ya yi harbin, littafin waƙoƙi ya ceci Hannay, ya ruga wurin alƙali ya ba da labari, alƙalin ya saurare shi da fara'a har 'yan sanda suka iso, sannan ya ce Farfesa amininsa ne, a sa masa ankwa. Wato an haɗe Sir Walter da dattijo mai idon shaho sun zama mutum ɗaya, ƙofar da littafin ya buɗe ta ceto ita ce bakin tarko a fim.

Taron siyasa na nan a duka biyun, kuma nan ma an juya shi. A littafi taron ne ya samar wa Hannay aboki. A fim ya faɗa zauren ne yana gudun 'yan sanda, aka zaci shi ne babban baƙo, aka tura shi kan mumbari bai san ko sunan ɗan takarar ba. Ya ɓoye hannunsa mai ankwa, ya yi magana a kan yadda mutum ke ji idan duniya duka ta juya masa baya, jama'a suka yi ta tafi. Gaskiyar halinsa yake faɗa, su kuwa suna jin ta a matsayin zaƙin bakin 'yan siyasa. Yana saukowa Pamela ta sake miƙa shi, wannan karon ga 'yan sandan bogi, yaran Jordan, waɗanda suka haɗa hannunsa da nata da ankwa ɗaya.

Ankwar nan ita aka fi tunawa da fim ɗin, garken tumaki da ya tare hanya, gudu cikin hazo, masaukin da suka kwana a matsayin ma'aurata, da safarta da ta jiƙe tana cirewa hannunsa na bin nata. Ba zan daɗe a kai ba, don an yi ta magana a kansa. Abin da ya shafi zancena shi ne yadda Pamela ta zo ta yarda. Ba kallon fuskarsa ta yi ta ga alamar ɗan halak ba. Ta zare hannunta yana barci, ta fito za ta gudu, sai ta ji mutanen biyu suna waya a ƙasa, da kunnenta ta ji sun tabbatar da duk abin da ya faɗa. Matar mai masaukin kuma, wadda ta ɗauka masoya ne da suka gudo, ita ta kori mutanen ta hana mijinta magana. In ka ƙirga waɗanda suka tsaya wa Hannay a fim, za ka samu matar manomi, matar mai masauki, da Pamela. Littafin da kusan babu mace mai suna a cikinsa ya koma labarin da mata ne kaɗai ke riƙe da ran jarumin.

Me ya sa aka yi wannan juyi? Wani ɓangare kasuwa ce, fim ɗin da ake so ya sayu a Ingila da Amurka yana buƙatar jaruma da soyayya. Amma kasuwa ba ta bayyana alƙali maci amana ba. Ina ganin sai an dubi mutanen biyu. Buchan ɗan limamin coci ne da aka haifa a Perth a 1875, ya yi karatu a Glasgow da Oxford, ya yi aiki a ƙarƙashin Lord Milner, babban jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, a Afirka ta Kudu daga 1901, ya zama ɗan majalisa, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito aka naɗa shi Gwamna Janar na Kanada da sarautar Lord Tweedsmuir. Mutum ne da ƙofofin manya suka buɗe masa, ya san akwai irin su Sir Walter don ya ci abinci da su. Hitchcock ɗan mai sayar da kayan miya ne daga Leytonstone a gabashin Landan, an haife shi a 1899. Ya sha ba da labarin yadda mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wasiƙa yana ɗan yaro, aka kulle shi na 'yan mintoci don ya ji tsoro, ya ce tun daga ranar yake tsoron ɗan sanda. Kowannensu ya zana hukuma yadda ya san ta.

Zamani ma ya canja. A 1914 abin tsoro shi ne teku, shi ya sa sirrin da ake sata a littafi tsarin jibge jiragen yaƙin ruwan Birtaniya ne, kuma an ambaci Jamus ƙarara. Kafin 1935 miliyoyi sun mutu a yaƙin da manya suka jagoranta, Hitler ya hau mulki a 1933, a watan Maris na 1935 Jamus ta bayyana rundunar sojan samanta. Tsoro ya koma sama, sirrin fim ya zama tsarin injin jirgin sama marar ƙara. Hitchcock bai damu da ko mene ne sirrin ba, irin abin da yake kira MacGuffin ne, abin da mutanen cikin labari ke kashe juna a kansa amma mai kallo bai damu da shi ba.

Akwai abin da fim ya zubar wanda ban yi kewarsa ba. A babin farko Scudder ya ɗora makircin duka a kan Yahudawa, da kalamai masu muni. Gaskiya ne daga baya littafinsa na sirri ya nuna labarin da ya bayar ba shi ne ainihin zancen ba, Sir Walter ma ya ce mutumin yana da ƙiyayya marar tushe a wannan fanni. Duk da haka kalaman suna nan a shafi, an bar su sun yi aikinsu kafin a janye su. Akwai kuma abin da mai karatu ɗan Afirka ba zai tsallake ba. Duk gwanintar Hannay, iya ɓuya, iya bin sawu, sanin nakiya, warware rubutun sirri, daga Afirka ya samo ta: ramukan ma'adinai, yaƙin Boer, da yaƙin da Turawan mulkin mallaka suka yi da Ndebele, wanda littafin ke kira na Matabele. A layukan ƙarshe, da yaƙi ya ɓarke, wannan gogewar ce ta sa aka ba shi muƙamin kyaftin kai tsaye. Littafin ya ambace ta kamar takardar shaidar makaranta, ba tare da ko waiwayen waɗanda aka yi yaƙin a kansu ba. Mayar da shi ɗan Kanada ya share wannan tarihi, ya kuma raba shi da gwanintarsa. Hannay na Donat bai iya nakiya ba, bai iya bin sawu ba, bakinsa da sa'arsa kawai yake da su, shi ya sa dole ya dogara da wasu.

Abin da na yi kewa shi ne ƙasar kanta. Buchan ya san tuddan kudancin Sikotland da ƙafarsa, kuma da yake Hannay ne ke ba da labarin da bakinsa, kana jin ƙamshin ciyawa da sanyin safiya, kana jin yadda fili mai faɗi ke zama kurkuku idan jirgi na sama kuma babu ko bishiyar da za ka laɓe. Fim ɗin ya ɗauki wasu hotuna a yankin Glen Coe, amma yawancinsa a cikin sutudiyo aka yi shi a Landan, kuma saurin da yake yi bai bar wurin wannan kaɗaici ba.

Shi kuwa Mr Memory, wanda ake cewa ƙirƙirar fim ce zalla, ina ganin irinsa na cikin littafin. A can, ɗaya daga cikin 'yan leƙen asirin ya yi shigar shugaban sojojin ruwa, Lord Alloa, ya zauna a taron sirri a gidan Sir Walter, ya kalli takardun, ya fita da su a ƙwaƙwalwarsa ba tare da ya ɗauki ko ƙyalle ba. Hitchcock ya ɗauki wannan dabara ya haɗa ta da wani mai wasan hadda na gaske da ya taɓa gani, wanda ake kira Datas, ya fitar da ɗan ƙaramin mutum mai alfahari da sana'arsa, wanda Wylie Watson ya fito a matsayinsa. Pamela ta je Scotland Yard, aka ce mata an bincika, babu takardar da ta ɓata a ma'aikatar jiragen sama, suka bi ta a baya don su kama Hannay. Har a wannan gaɓa hukuma ba ta yarda ba. A gidan wasa na Palladium, 'yan sanda na jan sa waje, Hannay ya gane waƙar da ta maƙale masa a baki tun farkon tafiya ta Mr Memory ce, ya ɗaga murya ya tambaye shi mece ce 39 Steps. Mutumin ya tsaya, fuskarsa ta canja, ya san abin da amsar za ta jawo masa, amma bai taɓa ƙin amsa tambayar da ya san amsarta ba. Ya fara faɗa, Jordan ya harbe shi daga inda yake zaune a sama.

Aka jawo shi bayan labule, 'yan mata suka hau dandamali suna rawa don a kwantar da jama'a. Hannay ya durƙusa ya tambaye shi sirrin. Yana numfashi da ƙyar ya karanto lissafin injin tiryan-tiryan, ya ce shi ne aiki mafi wuya da ya taɓa haddacewa, ya tambaya ko ya faɗa daidai. Hannay ya ce daidai ne. Ya yi godiya, ya ce ya ji daɗi da abin ya sauka daga kansa, ya cika. A gaban kyamara, Hannay da Pamela sun ba mu baya, hannunsa da ankwar ke reto a jiki ya matso, nata ya zo ya riƙe shi.